Man Gas Daga Gansakuka Da Lissafin Ruwan Fadamar Haɗeja

Laccar da aka gabatar a zaman ɗalibai da matasan ma'aikata na ƙasar Haɗeja, a garin Malam Madori



An nemi in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana yawo a bakin masana kimiyya, wato samun man gas, wanda wasu ke kira dizal, daga gansakuka, wannan koren abu mai santsi da ke lulluɓe kududdufi da bakin randa. Mai yiwuwa wani ya ce mene ne haɗin Malam Madori da wannan zance na Turawa. To, haɗin yana da ƙarfi. Muna da rana, muna da fili, muna kuma zaune a gefen fadamar kogin Haɗeja, kuma waɗannan abubuwa uku su ne duk mai son noman gansakuka yake nema. Yawancinku nan gaba kaɗan za ku zauna a ofisoshin aikin gona da na ruwa da na tsare-tsare. Wata rana wani zai shigo muku da takarda mai ƙyalli yana neman fili da ruwa domin ya yi mai daga tsiro, sa hannunku kuwa shi zai yanke hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka gara mu yi lissafin tun yanzu.

Mafarin zancen

Samun man inji daga tsiro tsohon abu ne, kuma garin nan yana da kusanci da tarihinsa. A babban baje-kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1900, an nuna wani ƙaramin inji irin wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya ƙirƙiro, yana aiki da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta so a gwada haka, domin ƙasashen da take mulka a Afirka suna noman gyaɗa. Bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru a 1930, tashar Malam Madori ta zama babbar mahaɗar cinikin gyaɗa, har ta kai ana tara dalar gyaɗa a nan kamar yadda ake yi a Kano. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, tare da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma daga gona, su suka rushe wannan ciniki.

Man tsiro yana da kauri, yana toshe injin zamani, don haka sai an sarrafa shi tukuna. Akan gauraya shi da wani sinadari mai suna metanol, a zuba 'yar soda irin ta masu yin sabulu, a ɗumama. Daga kilo 100 na mai da kilo 10 na metanol akan sami kimanin kilo 100 na man gas da kilo 10 na gilisarin. Wannan mataki ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne inda za a samo ɗanyen man. In aka ce gyaɗa ko waken soya ko kwakwar manja, to, tankin mota ya shiga takara da tukunyar miya. Wannan ne ya sa ido ya koma kan gansakuka.

Abin da ya ja hankalin masana

Gansakukar da ake nufi a nan ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya, waɗanda sai da madubin likita ake ganin ɗaiɗaikunsu. Suna rayuwa da hasken rana da iskar kabon kamar sauran tsirrai, amma wasunsu kan ninka yawansu cikin yini guda, wasu kuma kan tara mai a jikinsu har ya kai kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu ko fiye. Ba sa bukatar ƙasa mai albarka, wasu ma a ruwan gishiri suke tsira. Hasali ma yawancin ɗanyen man da ake haƙowa a duniya asalinsa irin waɗannan halittu ne da suka mutu suka kwanta a ƙarƙashin teku shekaru miliyoyi da suka wuce. Tunanin masana shi ne a yi cikin mako guda abin da ƙasa ta yi cikin zamunna.

Bayan da farashin mai ya ninka kusan sau huɗu sakamakon takunkumin ƙasashen Larabawa na 1973, gwamnatin Amurka ta buɗe wani shiri na bincike a kan haka a 1978. An tattara nau'in gansakuka kimanin 3,000, an gina kududdufan gwaji a Roswell cikin jihar New Mexico, an kashe wajen dala miliyan 25, sa'an nan aka rufe shirin a 1996 domin man ya fi na rijiya tsada nesa ba kusa ba. Da farashin mai ya sake hawa a shekarun 2000, sai zancen ya farfaɗo. A 2009 kamfanin ExxonMobil ya ba da sanarwar zuba kuɗi har dala miliyan 600 a wannan bincike. A ƙarshen 2022 ya janye, bayan ya kashe fiye da dala miliyan 350. In kamfani mai irin wannan aljihu ya ja da baya, ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya tambayi dalili. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Lissafi na farko: iri da girbi

Kowane manomi a zauren nan ya san cewa in ka shuka mudu ɗaya ka girbe mudu ɗaya, to, ka yi wahalar banza. Haka makamashi yake. Kafin a sami litar mai guda, sai an ƙona wani makamashin wajen tura ruwa da juya inji da yin taki. Masana suna auna abin da ya fito su raba da abin da aka zuba. In amsar ba ta kai ɗaya ba, an yi asara ke nan. Man rijiya na yau da kullum yakan mayar da ninki goma ko fiye.

A 2012 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan man gansakuka, ta ga amsoshin sun kama daga 0.13 zuwa 3.3. Wato a mafi muninsu, ka shuka mudu takwas ka girbe ɗaya. A mafi kyawunsu, ka shuka ɗaya ka girbe uku da 'yan kai.

Me ya jawo haka? Amsar ita ce ruwa. Ko da kududdufi ya yi kore shar, gansakukar da ke cikin kowace lita ba ta wuce rabin giram ba. Ashe ke nan kafin ka tara busasshen kilo guda, sai ka tace lita 2,000, wato duro goma. Bayan an tace da inji, abin da ake samu wani koren kwaɓi ne mai kama da kunu mai kauri, wanda kowane kilo na gansakuka a cikinsa ke riƙe da kimanin kilo 4 na ruwa. Bari mu yi amfani da ma'aunin zafi da ake kira megajul. Ƙafar da kilo ɗaya na ruwa da wuta yana cin megajul 2.3, saboda haka kilo 4 za su ci kusan 9. Man da ke cikin wancan kilo na gansakuka kuwa giram 250 ne, ƙarfinsa kuma bai wuce megajul 9 da ɗan ɗori ba. Kun gani, busarwa kaɗai ta cinye ribar, ba a ma zo kan kuɗin famfo da injin motsa ruwa da na tatsar mai ba. Wani nazari da masana a Faransa suka buga a 2009 ya tabbatar da haka, inda ya nuna busarwa da tatsa su ne ke lashe mafi yawan makamashin aikin.

Na san wani zai ce mu ai rana muke da ita, sai mu shanya kamar yadda ake shanya barkono. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce falalar da muka fi Turai da ita. Sai dai shanya tana bukatar fili mai faɗi da hannaye masu yawa, ƙurar hunturu tana ɓata ta, damina tana hana ta, man kuma yana lalacewa in ya daɗe a rana. Daɗin daɗawa, ranar da za ta busar mana da kwaɓin ita ce dai za ta shanye ruwan kududdufin, wanda shi ne lissafinmu na biyu.

Lissafi na biyu: ruwan wa za a ɗiba?

A wannan yanki ruwan saman da ke sauka a shekara yana wajen milimita 600, amma abin da rana da iska ke ɗauke wa daga buɗaɗɗen ruwa yana kai wa mita 2. Bambancin ya kusa mita ɗaya da rabi. A kan hekta ɗaya ta kududdufi, wannan na nufin lita miliyan 14 za ta tashi sama kowace shekara, kusan daidai da abin da hektar shinkafar rani ke sha. Mu yi wa kududdufin kyakkyawan zato, mu ce yana ba da giram 15 a kowane murabba'in mita kullum, ba fashi, shekara ta zagayo. Wannan zai ba da tan 55 na gansakuka, wato kimanin lita 15,000 na mai. Lalle wannan adadi yana da ban sha'awa, musamman in aka tuna hektar gyaɗa a gonakinmu da wuya ta ba da lita 500. Amma ku raba lita miliyan 14 da 15,000, za ku ga kowace litar mai ta ci kusan lita 1,000 na ruwa.

To, daga ina ruwan zai fito? Kogin Haɗeja ba shi da rara. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka kuma ƙara da ta Calawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadama daga nan har Nguru da Gashuwa ta ragu ƙwarai. Wannan ambaliya ita ce ke ba manomi shinkafa, ta bar masa laima ya shuka wake da alkama bayan ruwa ya janye, ta ba masunci kifi, ta ba Bafillace ciyawar rani, ta kuma cika rijiyoyin garuruwan tudu. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna wannan, suka gano cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana samar da amfani fiye da wanda aka karkatar zuwa aikin noman rani na Kogin Kano, in aka kwatanta su lita da lita. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta biyo baya a 2008. Duk litar da za a zuba a kududdufin mai, daga bakin ɗaya daga cikin waɗannan za a ƙwace ta.

Lissafi na uku: taki da hayaƙi

Gansakuka ba ta girma da ruwa da rana kaɗai. Tana cin naitirojin da fosfaras, wato abin da ke cikin takin zamani. In muka ɗauka kashi 5 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne, tan 55 ɗin nan za ta bukaci sama da buhu 100 na yuriya a hekta ɗaya kowace shekara, muddin ba a mayar da tunkuzar cikin kududdufin ba. Ku kwatanta da 'yan buhunan da manomin shinkafa ke fama kafin ya saya. Ita kanta yuriya da iskar gas ake yin ta, ana ƙona makamashi mai yawa. Rahoton nan na 2012 ya ƙiyasta cewa samar da kashi 5 cikin 100 kacal na man sufurin Amurka daga gansakuka zai ci naitirojin tan miliyan 6 zuwa 15 a shekara. Akwai kuma wani tarko: in ka hana gansakuka taki tana tara mai amma girmanta ya tsaya, in ka ba ta taki tana girma amma man ya ragu.

Bugu da ƙari, kowane kilo na gansakuka yana shaƙar kimanin kilo 1.8 na iskar kabon, kuma wadda ke cikin iskar da muke shaƙa ba ta isa a yi noman kasuwa. Sai an jawo hayaƙi daga bututun babbar masana'anta ko tashar lantarki, mu kuwa ba mu da irinsu a kusa. Masu tallar wannan mai sukan ce yana tsabtace sararin sama domin yana shanye kabon. Gaskiya ne yana shanyewa, amma ranar da aka ƙona shi a mota kabon ɗin yana komawa inda ya fito. Ribar muhalli tana samuwa ne kawai in hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa shi bai kai na man rijiya ba. A 2010 Andres Clarens da abokansa a Jami'ar Bajiniya sun kwatanta gansakuka da masara da wasu tsirrai, suka ga ta fi su cin makamashi da ruwa da fitar da hayaƙi, ko da yake ta fi su tattalin fili. Sun kuma nuna cewa in aka ciyar da ita da ruwan ƙazantar gari a maimakon takin zamani, lissafin yana gyaruwa sosai.

Inda gansakuka ke da amfani

Wannan batu na ƙarshe shi ne ƙofar da ta rage a buɗe. Tun a shekarun 1950 William Oswald na Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa gansakuka tana tsabtace ruwan ƙazanta, domin abin da muke ƙyama shi ne abincinta. Garuruwa irin su Haɗeja da Gumel da Nguru suna ƙara girma, ruwan kwatocinsu kuma yana ƙarewa a kududdufai da kogi. In aka gina tafkunan tacewa, babban amfanin shi ne ruwa mai tsabta, gansakukar kuma ta zama gyara, a ruɓar da ita a sami iskar girki da taki. Sai dai a yi hattara da ruwan masana'antun jima na Calawa da Sharaɗa a Kano, domin yana ɗauke da gubar ƙarfe, abin da ya tsiro a cikinsa bai halatta a ba dabba ko a zuba a gona ba.

Maƙwabtanmu ma suna da darasi. A ƙasar Kanem, gabas da Tafkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata shuɗiyar gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan rairayi, su yi wani abin miya da suke kira dihe. Ita ce duniya ta sani da suna sifirulina, fiye da rabin nauyinta kuwa sinadarin gina jiki ne. Kilo guda na abinci ko na abincin kifi yana da darajar da ta ninka ta kilo guda na man ƙonawa, shi ya sa kamfanoni da dama da suka fara da neman mai suka koma sayar da abinci da kayan shafa.

Kacala, wadda ba a shuka ba

In makamashi daga tsiron ruwa muke nema, ba sai mun haƙa kududdufi ba, domin akwai wanda ya riga ya cika mana fadama. Da can kogin Haɗeja yakan cika da damina ya ƙafe da rani, wannan ƙafewa kuwa ita ke kashe ciyawar ruwa. Da madatsu suka sa ruwa na gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacala ta sami wurin zama. Ta toshe Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin, yawancin ruwa ya karkata Marma, wasu garuruwa suna nutsewa wasu suna ƙishi. Mutanen Guri da Kirikasamma da Auyo sun san yadda ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi, da sauro, da katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Ta kuma taimaka wajen tsananta ambaliya irin ta 2022.

Ku auna kacala da lissafin nan uku. Ba wanda ya saya mata taki. Ruwan da take sha asara ce da ake yi ko an yanke ta ko ba a yanke ba, yankan ma ceton ruwa ne. Ba ta bukatar injin tacewa, lauje da kwalekwale sun isa a fara. A ƙarƙashin shirin gyaran noman rani na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, masana daga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tare da takwarorinsu na Madrid da Maryland sun gwada ruɓar da kacala a rufaffen mazubi domin samun iskar girki, da kuma adana ɗanyarta ta zama abincin dabbobi. A Muritaniya, inda madatsar Diama ta 1986 ta jawo irin wannan annoba a kogin Senegal, an koya wa mutanen yankin Rosso yin gawayi da ita. Kowane buhun gawayin kacala bishiya ce da ta tsira daga gatari.

Kada dai mu ɗauka abin nema ya samu. Yankan kacala aiki ne mai wahala a cikin ruwa mai cuta, ɗaukar ta zuwa nesa yana cin mai, kuma in ba a yanke ta a ƙarƙashin ruwa ba sai ta sake tohowa. Maganinta na asali yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wato a tsara sakin ruwan Tiga da Calawa yadda zai yi kama da cika da ƙafewar da kogin ya saba. Ita ma dole a yi mata lissafin iri da girbi kafin a yi shela.

Abin da nake roƙonku

A 2007 Nijeriya ta fitar da manufar man tsiro, aka yi ta kururuwar bini-da-zugu, aka ce zai tsiro a kan fako ya ba da mai. Ya tsiro, amma bai ba da 'ya'yan kirki ba sai a ƙasa mai kyau da ruwa, manoma da yawa a Afirka suka tashi a tutar babu. Tun bayan tashin farashin gas a 2022 da cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mai injin ban-ruwa da mai injin niƙa suna cikin matsi, wanda yake cikin matsi kuwa shi ya fi saurin karɓar alkawari mai daɗi.

Saboda haka duk ranar da aka kawo muku irin wannan shiri, ku yi tambaya huɗu. Makamashi nawa za a zuba, nawa zai fito? Ruwa lita nawa kowace litar mai za ta ci, kuma wa yake amfani da ruwan a yanzu? Daga ina taki zai zo? A ina aka taɓa yin haka shekara biyar a jere aka ci riba ba tare da tallafi ba? Wanda ya zo da gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Ku kuma ɗaliban kimiyya, fagen bincike a buɗe yake: ku auna nawa hektar kacala ke bayarwa a Marma, ku tantance irin gansakukar da ke tafkunanmu, ku rubuta sakamakon da harshen da manomi da masunci za su fahimta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana kogi.